Gwadabe da Ambaliyar da Ba Ta Ci Gidan Kowa Ba

Kafin a fara kiransa Darakta, Gwadabe mai fenti ake ce masa. Duk wanda ya yi aski a Hadejia a shekarun baya ya zauna a ƙarƙashin aikin hannunsa, domin shi ke zana kawunan nan da ake kafawa a ƙofar shagon aski. Kawunan duka kamarsu ɗaya, kuma duka da Gwadaben suke kama. In aka yi masa magana sai ya ce ai aski ake talla, ba fuska ba. Ya zana kifi a allunan masu banda, ya zana zaki a bayan motocin da ke kai tattasai Kudu. Zakin nasa ya fi kama da tunkiyar da aka ɓata wa rai, amma direbobi ba su taɓa dawo masa da aiki ba.

Sai injinan buga hoto a kan tamfol suka shigo gari. Mai shago ya kai hotonsa da safe, kafin azahar ya karɓo allo mai sheƙi, ga fuskarsa har da haƙorin Makka. A hankali aikin Gwadabe ya koma rubutun bango. Kusan duk katangar da aka rubuta wa "Ba a fitsari a nan" daga bakin kasuwa zuwa tasha rubutunsa ne, kuma yakan tsaya ya yi wa haruffan ado, ko da yake masu yin abin ba su taɓa ɗaga kai sun yaba ba. Matarsa Kulu, wadda ke turara shinkafa tana sayarwa, ita ta riƙe gidan a wannan tsakani, kuma ba ta bari a manta da hakan.

Wata shekara wata ƙungiya ta zo koya wa matasa sana'a. Gwadabe ya riga ya fara furfura, amma ya aske gemu, ya shafa wa gashin baki baƙin lalle, ya je ya shiga layi a matsayin matashi. Gyaran sola ya so ya koya, sai ya tarar ajin ya cika. Ajin walda ma haka. Ajin da ya rage shi ne na zane mai motsi, wanda yara ke kira katun.

Malamar ajin, Malama Jannat, ba ta fara da kwamfuta ba. Fararen ledoji ta kawo, irin waɗanda ake ganin abin da ke bayansu. A ta farko ta zana sama, a ta biyu kogi, a ta uku kwale-kwale, a ta huɗu kachala, ciyawar nan da ta cinye rabin fadamun ƙasar. Ta ɗora su ɗaya kan ɗaya.

"Kowace leda sunanta leya," in ji ta. "Wadda ke sama ita ke rufe ta ƙasa. In kana son jirgi ya bi ta bayan ciyawa, sa leyarsa a ƙarƙashin ta ciyawar. In kana son ya bi ta gabanta, ɗaga shi sama. A kwamfuta ma haka yake, jawowa kawai za ka yi."

Ranar da Gwadabe ya fara sa kwale-kwalensa ya shige bayan kachala ya ɓace, sannan hancinsa ya ɓullo ta ɗaya gefen, sai da ya cire hula ya goge fuska. Tun yana yaro yake zane, kuma duk abin da ya zana a inda ya bar shi yake tsayawa. Yau ga abin hannunsa ya tafi ya dawo. Ya maimaita wurin har sai da Malama Jannat ta ce masa akwai masu jiran kujerar.

Da aka gama horo aka raba tsofaffin kwamfutoci na cinya, ya samu ɗaya mai ƙugi kamar injin markaɗe. Ya share shagonsa na fenti, ya tafi wurin masu tamfol ɗin nan da ya yi shekaru yana tsine wa, ya sa suka buga masa allo: Darakta Gwadabe, ga hotonsa da baƙin tabarau.

Babban aikinsa na farko daga Kafin Goruba ya zo, wani gari a ɓangaren Auyo da ruwa ke gaisarwa kusan kowace damina. Wanda ya kawo aikin shi ne Alhaji Yunusa Kolo, shugaban ƙungiyar manoman shinkafa da masunta ta garin, mutum mai faɗin kafaɗa da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Wasu masu ba da tallafi ne suka ce a yi ɗan fim na wayar da kai: a nuna kogi ya cika, ruwa ya shiga gari, mutane sun kwashe yara da hatsi sun hau tudu tun da wuri. Alhaji ya ce a zana shi a kwale-kwalen gaba yana jagorantar jama'a.

Gwadabe ya zuba ƙarfinsa. Ya hau acaɓa ya je garin, ya zagaya lungu-lungu yana ɗaukar hoto, don ya ce shi Darakta ne, ba ya zana gidan ƙarya. Kowane gida da kamanninsa, har launin ƙofa da tulun da ke bakin zaure. Ya jera leyoyinsa yadda aka koya masa, ya ɗauki kwamfutar ya kai zauren Alhaji don kwamiti ya gani. Kwamitin mutum uku ne: Alhajin, da sakatarensa Modu, da Hajiya 'Yar'azumi shugabar mata.

Fim ya fara. Ga hadari, ga kogi yana tumbatsa, ga Alhaji a kwale-kwale da babbar riga yana nuna hanya da sanda. Alhaji na gaske yana gyaɗa kai yana murmushi. Sai kwale-kwalen ya shige bayan kachala.

"Tsaya! Ina na tafi?"

"Kana bayan kachala, ranka ya daɗe. Yanzu za ka fito."

"Ni ne a bayan kachala? Ciyawar da nake zagi a gidan rediyo duk shekara, ita ce za ta rufe ni?"

Gwadabe ya gyara zama ya fara bayani. Ya ce ido ba ya yarda da zane sai ya ga wani abu a gaba, wani a baya. Ya ce shigewar nan ita ke sa mai kallo ya ji kogin yana da faɗi.

"Mai kallo cewa zai yi na ɓuya," in ji Alhaji. "Kai ba ka san mutanen garin nan ba. Ana iya gyarawa ko ba a iyawa?"

A nan Gwadabe ya yi kuskuren da ya daɗe yana cizon yatsa a kai. Maimakon ya ce aikin mako guda ne, son a san ya iya ya ɗebe shi. Ya sa yatsa ya jawo leyar Alhaji ya ɗora ta a kan ta kachala. Nan take kwale-kwalen ya bi ta gaban ciyawar.

Modu ya matso da kujerarsa.

"Haka kawai ake yi?" Alhaji ya tambaya a hankali.

"Haka kawai, ranka ya daɗe."

Daga nan ba a ƙara kallon fim ba, sai rabon wuri. Akwai wata tsamiya da kwale-kwalen ke bi ta bayanta, aka ɗaga Alhaji. Akwai garken shanu a bakin ruwa, aka ɗaga Alhaji. Da aka zo gada, inda kwale-kwalen ke shigewa ta ƙarƙashi, Gwadabe ya roƙa.

"Wannan kam a bar ta, ranka ya daɗe. Jirgi ta ƙarƙashin gada yake bi."

"Da ɗan acaɓa a kaina? Duba fa, ga wani can yana wucewa a saman hulata."

Aka ɗaga. Yanzu kwale-kwalen ya daina shiga ƙarƙashin gada. Sai ya taho ya shafe ƙarafunanta, ya haye ɗan acaɓan da fasinjansa, ya wuce abinsa.

Modu bai nemi ya wuce shugaba ba, mutum ne mai ladabi. Abin da ya roƙa kawai a sa shi dab da bayan Alhaji amma gaban kowa, kuma a rage hannun rigar Alhaji da ke rufe masa hula duk lokacin da ya ɗaga sanda. Hajiya 'Yar'azumi ta ce ita ba ta da magana, sai dai ta ga an sa mata suna bi ta bayan rumbu, alhali su suka cika rumbun. Aka ɗaga mata. Ta ce kuma cikin matan akwai wadda ta sha gabanta, ita kuwa ko kuɗin ƙungiya ba ta biya. Aka mayar da waccan baya.

Gwadabe yana tsammanin an gama, ashe ba a zo ga ruwa ba. Da leyar ambaliya ta fara hawa, gidan farko da ta rufe mai shuɗiyar ƙofa ne da bishiyar darbejiya a gefe. Modu ya miƙe tsaye.

"Malam Gwadabe, me na yi maka? Wannan ai gidana ne. Fata kake yi min?"

"Wallahi gidan ne ya fi kusa da kogi."

"To shi ya sa ba na son a tuna wa ruwan."

Aka ɗaga gidan Modu sama da leyar ruwa, ambaliyar ta koma kan gidan maƙwabcinsa. Kafin Gwadabe ya isa Hadejia labari ya zaga Kafin Goruba cewa ana rabon gidajen da ruwa zai ci a cikin kwamfuta, kuma mai kwamfutar yana iya cire mutum da yatsa ɗaya.

Washegari baƙi suka fara sallama a shagonsa. Wani ya zo da ƙullin kifi banda, wani da kankana, wani hannu rabbana amma da dattijon unguwarsu. Kowa maganarsa guda: shi bai ƙi wayar da kai ba, abu ne mai kyau, amma a wayar da shi a gidan wani. Wata tsohuwa ta aiko a ce masa ɗakinta bara ya faɗi, bana kuma ba za ta zauna tana kallo ya sake faɗuwa a majigi ba. Gwadabe yana karɓar kifi yana ɗaga gidaje. A ƙarshe saura wani kango da mai shi ya daɗe da komawa Legas. Gwadabe ya tattara ambaliyar duka ya zuba a kan kangon, ya yi ajiyar zuciya. Bai kai ga rufe kwamfutar ba waya ta yi ƙara. Mai kangon ne daga Legas, yana tambaya ko don ba ya nan shi ya sa aka raina shi.

Gonakin shinkafa ma kowacce da mai ita. Akwai wata akuya da ya zana ruwa ya kai mata wuya, don a ji tausayi. Ita ma aka samu wanda ya gane ta.

Abin da ya rage shi ne a jawo leyar ruwa ƙasa gaba ɗaya, a ajiye ta a bayan komai, gaban sama kawai. Haka ya yi. Ambaliya ta taso da ƙarfinta, ja wur, tana kumfa, ta bi ta bayan kowane gida da kowane rumbu da kowace akuya, ba ta taɓa ko dokin ƙofa ba.

Kulu ta leƙo ta kafaɗarsa da matankaɗi a hannu, ta kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe.

"Baban Umaima, su waɗannan da ke gudu da tabarmi a ka, me ya kore su?"

"Ambaliya."

"Wace? Ga gidajensu nan a bushe, har kaza na kiwo a tsakar gida."

"Ke ba ki san fasaha ba."

"Ban sani ba kam. Amma na san wanda ya bar busasshen ɗaki ya faɗa kwale-kwale, ba ruwa ke damunsa ba."

Maganar ta zauna masa. Ya yanke shawarar zai je ya faɗa wa Alhaji gaskiya: ko a mayar da ruwa inda yake, ko a cire sunansa daga aikin. A kan acaɓa ya yi ta maimaita jawabin, har ɗan acaɓan ya ce masa ya burge shi. Ya isa zauren, ya durƙusa ya yi gaisuwa, Alhaji ya kalli sabon fim ɗin ya ce madalla, yanzu ne aka yi aiki, sai dai a ƙara wa sandarsa tsawo.

"Yadda ka ce, ranka ya daɗe," in ji Gwadabe.

An nuna fim ɗin wata ranar Asabar bayan la'asar, a wani ajin firamare da aka toshe tagoginsa da tabarmi don hoton majigi ya fito. Jami'in masu tallafi, Malam Shu'ibu, yana kujerar gaba kusa da Alhaji. Ajin ya cika har waje. Da farko kowa ya nutsu yana neman gidansa, in ya gan shi a tsaye sai ya yi hamdala. Da kwale-kwale ya iso gada ya haye ɗan acaɓa, yara suka kwashe da ihu.

"Alhaji ya tashi sama! Alhaji ya tashi sama!"

Manya suka yi ta danne dariya da haɓar riga, wasu suka kasa. Sannan ruwa ya zo ya bi bayan gidaje. Da aka kunna fitila aka ce ko akwai mai tambaya, wata dattijuwa mai suna Bara'atu ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, wannan wane gari ne?"

"Garinku ne, Iya," in ji Gwadabe.

"To ina kuka samo ruwa mai kunya haka? Namu ta ƙofa yake shigowa, ba ya ko sallama. In akwai sauran wannan a kawo mana."

Ajin ya ɓarke. Malam Shu'ibu ya juya ya kalli Gwadabe da alamar neman bayani, Gwadabe kuwa ya duƙufa yana naɗe wata waya da ba ta buƙatar naɗi. Alhaji ne ya miƙe. Bai yi ko gyaran murya ba.

"Jama'a, abin da kuka gani ba Kafin Goruba ta yau ba ce. Kafin Goruba ta gobe ce. Haka ruwa zai riƙa bi ta bayanmu in aka yi mana jingar tare ruwa da na daɗe ina nema. Ni na ce a zana shi haka, don baƙinmu su ga inda muka dosa."

Modu ya fara tafi, Hajiya 'Yar'azumi ta sa mata suka yi guɗa. Fuskar Malam Shu'ibu ta washe. Ya ce ya zaga garuruwa da yawa yana kallon finafinan ambaliya, duka ruwa ne da kuka, wannan ne na farko mai hangen nesa. Aka ɗauki hoto. Gwadabe ya so ya shiga, amma kafin ya gama naɗe wayar an riga an jeru, kunnensa ɗaya ne ya fito a gefen rigar Alhaji.

Cikin 'yan kwanaki wani ya yanko wurin gadar, ya ɗora masa kiɗan kalangu, ya watsa a waya. Daga Kaugama har Jahun ana tura wa juna. Alhaji ya samu sabon suna, Kolo Jirgin Sama. Da aka ce wa Gwadabe ga Alhaji can ya sauka daga mota yana tambayar gidansa, sai ya shige ɗakin da Kulu ke ajiye buhunan shinkafa ya ce a ce ya tafi Gumel. Kulu ta fita ta ce yana ciki, bayan buhu. Ashe ba faɗa ya kawo Alhaji ba. Takarar kansila zai tsaya, kuma ya lura ko yaron goye ya san sunansa yanzu. So yake a yi masa sabon fim, kwale-kwalen ya haye sakatariyar ƙaramar hukuma.

An yi fim ɗin, ya kuma zaga. Alhaji bai ci zaɓen fidda gwani ba, amma har yau in ya shiga kasuwa ana ɗaga masa hannu ana kwaikwayon tuƙi, shi kuma yana amsawa da sanda. Jinga ba a yi ba tukuna. Damina ta gaba ruwa ya shiga unguwar bakin kogi, mutane suka kwashe yara da hatsi suka hau tudu kamar yadda iyayensu suka saba yi.

Shi kuwa Gwadabe kasuwa ta buɗe masa. Masu biki, masu suna, masu makarantun kuɗi, 'yan takara, kowa yana son a zana shi yana motsi. Ya daina yi wa kowa bayanin faɗin kogi. In mutum ya zauna, tambaya ɗaya yake yi: wa ke gaba? Ya kuma koyi sunkuyar da allon kwamfutar in zai jawo leya, ya ɓata fuska, ya ce a dawo jibi.

Wayonsa ya taɓa yi masa yawa. A wani biki dangin ango da na amarya suka kasa daidaitawa kan ayarin da zai sha gaban wani a katun ɗin gayyata. Gwadabe ya yi guda biyu a ɓoye, kowane ɓangare ya ba shi wanda yake gaba. Kowa ya tafi yana sa masa albarka. Ranar kamu wata gwaggon ango da wata innar amarya suka zauna tabarma ɗaya, kowacce ta ciro waya don ta nuna wa 'yar'uwarta. An dai ɗaura auren, amma Gwadabe ya yi mako guda a Gumel, wannan karon da gaske.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah ta bana wani mai kiwon raguna, Zaharaddeen, ya shigo shagon yana son tallan da zai sa a waya. Ya nuna hotonsa da na ragon. Gwadabe ya jawo kujera ya yi tambayarsa ta kullum.

"Wa ke gaba?"

"Ragon mana. Ni sa ni can baya. In ma na tare wuri ka cire ni, ai ba ni za a saya ba."

Gwadabe ya tashi da kansa ya sayo masa lemo mai sanyi, ya ce tun da ya buɗe shagon nan bai taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Ya yi aikin da zuciya ɗaya: rago a gaba yana tafe yana kaɗa kunne, mai shi can nesa rabin jikinsa a bayan turke.

Zaharaddeen ya dawo ya kalla, ya jinjina kai.

"Darakta, aiki ya yi. Abu ɗaya ya rage."

"Faɗi."

"Ragon. Ka ƙara masa ƙiba, ka ƙara ƙaho, ka cike masa wuyan nan. Yadda ka zana shi, sak shi ne, wa zai saya?"

Gwadabe ya sunkuyar da allon, ya ɓata fuska, ya ce ya dawo jibi.